Ɗan Kamasho a Bakin Ƙofa: Abin da Mai Talla Ke Saye a Shafin Google

A watan Maris na 2012, kamfanin eBay, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin intanet na Amurka, ya yi wani gwaji mai sauƙi. Ya daina biyan kuɗin tallan da ke fitowa idan mutum ya rubuta sunan kamfanin a shafukan bincike na Yahoo da na Microsoft, ya bar na Google yana gudana domin a samu abin kwatantawa. Da a ce tallan ne ke kawo mutanen da ke danna shi, da masu shiga shafin sun ragu nan take. Abin da aka gani shi ne kimanin kashi 99.5 cikin 100 sun ci gaba da shigowa. Da suka rasa tallan a saman shafi, sai suka sauke ido ƙasa kaɗan, suka danna sakamakon binciken da ke fitowa kyauta. Ashe kamfanin yana biyan kuɗin jagora ne ga mutanen da suka riga suka iso ƙofar gidansa.

Wanda ya san tashar mota ya san 'yan kamasho iri biyu ne. Akwai wanda ke fita bakin titi cikin rana, ya tari matafiyin da bai san inda motar garinsu take ba, ya karɓi jakarsa, ya kai shi har kujera. Wannan da guminsa ya ci la'adarsa. Akwai kuma wanda ke tsayawa a jikin ƙofar mota, sai fasinja ya ɗaga ƙafa zai shiga ya dafa masa kafaɗa, sannan ya juya ya ce wa direba shi ya kawo shi. A lissafin direba kowannensu fasinja ɗaya ya kawo, kuma kuɗi ɗaya za a ba su.

Tallan da ake biya bisa kowace dannawa a shafukan bincike yana yin aikin waɗannan mutane biyu a lokaci guda, kuma rahoton da yake bayarwa ba ya bambanta su. Yawan dannawa, da araharta, da ma yawan cinikin da rahoto ya jingina wa tallan, duk ba sa nuna ko an ci riba. Abin da ke nunawa tambaya ce ɗaya, wadda mai talla ne kaɗai zai iya amsawa: cikin waɗanda suka saya, nawa ne da ba za su zo ba in da ba a yi tallan ba? Likita mai asibitin kansa, da mai makarantar kuɗi, da mai sayar da farantan sola, duk wanda ke shirin zuba kuɗi a wannan kasuwa, ya kamata ya fara da wannan tambaya kafin ya buɗe asusu.

Yadda ake cin gwanjon

Tsarin bai samo asali daga Google ba. A 1998 wani ɗan kasuwar Amurka, Bill Gross, ya ƙaddamar da shafin GoTo.com, inda masu talla ke taya kalmomi kamar yadda ake taya kaya. Wanda ya fi tayi shi ke hawa sama, kuma ba ya biyan ko sisi sai an danna tallansa. Daga baya kamfanin ya koma Overture, Yahoo ya saye shi a 2003 kan kimanin dala biliyan 1.6. Google ya buɗe AdWords a watan Oktoba na 2000, ya rungumi biya bisa dannawa a 2002, amma da wani ƙari mai muhimmanci: bayan tayi, sai an duba yiwuwar mutane su danna tallan kafin a ba shi matsayi. A 2018 aka sauya sunan zuwa Google Ads. A 2024 sashen bincike ya samar wa Alphabet, uwar kamfanin Google, kimanin dala biliyan 198, wato fiye da rabin kuɗin shigarsa na shekarar.

Duk lokacin da mutum ya rubuta wani abu a akwatin bincike, ana yin gwanjo cikin ƙiftawar ido tsakanin masu tallan da suka taya kalmomin da suka dace da abin da ya rubuta. A sauƙaƙe, ana ninka tayin kowa da makin ingancin tallansa, wanda ya fi jimla ya hau sama. Abin da yake biya kuwa shi ne mafi ƙarancin kuɗin da zai ishe shi ya zarce na bayansa, ko da ya taya fiye da haka.

A ƙaddara masu talla uku. Na farko ya taya naira 500 kuma makinsa 8 ne, jimlarsa 4,000. Na biyu ya taya naira 900 da maki 4, jimlarsa 3,600. Na uku ya taya naira 400 da maki 5, jimlarsa 2,000. Na farko ne zai hau sama, kuma zai biya 3,600 a raba da 8, wato kimanin naira 450. Na biyu zai biya 2,000 a raba da 4, wato naira 500. Wanda ke sama ya biya ƙasa da wanda ke bayansa, alhali tayinsa bai kai nasa ba. Ainihin lissafin Google ya fi wannan sarƙaƙiya, domin yana duba wurin da mai bincike yake, da irin na'urarsa, da wasu abubuwan, amma ƙashin bayan lamarin ke nan. Makin da ake nuna wa mai talla, daga 1 zuwa 10, ya dogara da abubuwa uku: yiwuwar a danna tallan, dacewarsa da abin da aka nema, da kuma ingancin shafin da mutum ke sauka a kai bayan ya danna. Gyara waɗannan ya fi ƙara tayi araha.

Lissafin da ke yaudarar mai shi

Gwajin sunan kamfani somin taɓi ne. Masana tattalin arziki uku, Thomas Blake da Chris Nosko da Steven Tadelis, sun ci gaba da gwaji mafi girma a kan kalmomin da ba su ƙunshi sunan eBay ba, irin su sunayen takalma da wayoyi da sauran kaya. A lokacin kamfanin yana kula da kalmomi sama da miliyan 100. An kashe tallan Google a kimanin kashi 30 cikin 100 na yankunan kasuwancin Amurka na tsawon kwanaki 60, aka bar shi a sauran, sannan aka kwatanta ciniki. Bambancin bai kai kashi 1 cikin 100 ba. An buga sakamakon a mujallar Econometrica a 2015.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne tazarar da ke tsakanin lissafi biyu. Idan aka bi hanyar da aka saba, wato a dubi inda aka fi kashe kuɗin talla a ga ko can aka fi ciniki, ribar tallan takan fito sama da kashi 4,000 cikin 100. Gwajin kuwa ya nuna asarar kimanin kashi 63 cikin 100. Wato kowace dala ɗari da aka zuba, abin da ya dawo bai kai dala arba'in ba.

Dalilin wannan tazara yana cikin yadda tsarin yake aiki. A tallan rediyo ko na allon bakin titi, mai talla yana biya tukuna, sannan jama'a su ji ko su gani. A tallan bincike kuwa, niyyar saye ce ke zuwa farko. Mutum ya riga ya ƙudurta sayen takalmi, shi ya sa ya rubuta sunansa, shi ya sa tallan ya fito, shi ya sa aka caji kamfani. Duk inda masu niyyar saye suka yi yawa, dannawa za ta yi yawa, kuɗin talla ya hau, ciniki ma ya hau. Mai kallon alƙaluma daga nesa zai ce talla ne ya haifi ciniki, alhali sau da yawa ciniki ne ya haifi kuɗin talla. Kamar wanda ya ga lema ta cika titi ne ya ce ita ta jawo ruwan sama.

Da masanan suka rarrabe masu saye, sai hoton ya ƙara fitowa. Tallan ya yi tasiri a kan sababbin shiga da waɗanda ba su cika saye ba. A kan tsofaffin abokan ciniki, waɗanda suka san hanya da kansu, tasirinsa kusan babu. Amma su ɗin ne suka fi dannawa, don haka mafi yawan kuɗin a kansu ya ƙare.

Wanda tallan ke yi wa amfani

Kuskure ne a ɗauki darasin eBay a ce tallan bincike aikin banza ne. eBay suna ne da kusan kowa ya sani a Amurka, kuma shafinsa yana fitowa a sahun gaba na sakamakon kyauta. Yawancin kamfanoni ba su da wannan gata.

Lorenzo Coviello da Uri Gneezy da Lorenz Goette sun yi makamancin gwajin a Edmunds, wani shafin bayanan motoci na Amurka da bai kai eBay shahara ba. A can, da aka kashe tallan sunan kamfani, fiye da rabin masu zuwa ta hanyar tallan ba su dawo ta hanyar kyauta ba. Wani binciken da aka yi da bayanan shafin Bing ya nuna cewa lamarin ya danganta da ko akwai abokin gasa: idan babu wanda ke taya sunan kamfani, tallan sunan ba ya ƙara komai sai ɗan kaɗan, amma idan abokan gasa suna taya shi, janyewa tana ba su damar kwashe kaso mai tsoka na masu bincike. Haka kuma gwajin da Weijia Dai da Michael Luca da abokiyar aikinsu suka yi a shafin Yelp, inda aka ba gidajen abinci talla kyauta, ya nuna ƙananan gidaje masu zaman kansu sun fi manyan kamfanoni masu rassa amfana.

Idan aka haɗa waɗannan, ƙa'ida ɗaya ce ke fitowa. Tallan bincike yana biyan kuɗinsa ne a inda yake sanar da mutum abin da bai sani ba. Sabon asibitin ido da ba a san shi ba, idan ya fito a gaban wanda ke neman inda za a yi wa mahaifiyarsa aikin yanar ido, ya samu abin da ba zai samu ba ta wata hanya. Tsohuwar makarantar da duk gari ya san ƙofarta, idan tana biyan kuɗi a kan sunanta alhali babu mai taya shi, ɗan kamashon bakin ƙofa take ciyarwa. Wannan labari ne mai daɗi ga ƙananan 'yan kasuwa, domin rashin suna, wanda ke zame musu rauni a wasu fagage, shi ne abin da ke ba tallansu daraja a nan. Sharaɗin kawai shi ne mutane su kasance suna neman abin a shafin bincike. Kayan da ake saye don an gani an yi sha'awa, irin su atamfa da kayan kwalliya, sun fi dacewa da shafukan hotuna da bidiyo. Ayyukan da ake nema lokacin da buƙata ta taso, irin su gyaran inbata ko rajistar kamfani, su ne abincin tallan bincike.

Iyakar kuɗin dannawa ɗaya

Kafin a taya kowace kalma akwai lissafin da ya kamata a yi a takarda, kuma ba ya buƙatar ƙwararre. A ɗauki misalin mai haɗa sola a Kaduna, da alƙaluman da aka ƙaddara domin bayani. A ce ribarsa a kowane aiki naira 150,000 ce bayan an cire kuɗin kaya da na ma'aikata. A ce cikin mutum 100 da suka danna tallansa, biyar ne ke tuntuɓarsa, cikin biyar ɗin ɗaya ke biya. Ke nan dannawa 100 ke haifar da ribar naira 150,000, kuma iyakar abin da zai iya biya a kan dannawa ɗaya ba tare da asara ba shi ne naira 1,500.

A nan ne darasin eBay ke shigowa. Idan rabin waɗannan masu saye za su same shi ko da babu talla, ta hanyar ɗan'uwa ko allon shagonsa ko sakamakon kyauta, to iyakar ta sauko zuwa naira 750. Idan yana biyan naira 400, rahoto zai ce kowane ciniki ya ci naira 40,000, gaskiyar kuwa kowane sabon abokin ciniki ya ci naira 80,000, kuma duk da haka akwai riba. Idan gasa ta kai farashi naira 1,000, rahoto zai nuna masa ribar naira 50,000 a kowane aiki, alhali yana kashe naira 200,000 ne domin samun ribar naira 150,000. Zai yi ta asara yana murna, kuma babu layi ɗaya a rahoton da zai gargaɗe shi. A kan wannan kuma akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 da ake ɗorawa kan kuɗin tallan Google a Najeriya tun 2022, wanda dole ya shiga lissafi.

Wannan lissafi shi ke raba waɗanda ya kamata su shiga da waɗanda ya kamata su haƙura. Mai sayar da turaren da ribar kwalbarsa naira 2,000 ce, idan mutum biyu cikin 100 ne ke saye, iyakarsa naira 40 ce a kan dannawa. Ba zai tsira ba sai idan wanda ya saya sau ɗaya yana dawowa sau da yawa, kuma wannan ma sai littafin cinikinsa ya tabbatar, ba fata ba. Haka nan dannawa mai araha ba abin alfahari ba ce. Dannawar naira 50 daga wanda ke neman hoto don aikin makaranta ta fi ta naira 600 daga mai kuɗi a hannu tsada.

Ramukan rariya

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma yawancin ramukan wannan rariya ana iya toshe su, kuma da yawansu suna cikin saitin da sabon asusu ke zuwa da shi.

Na farko shi ne faɗin kalma. Google yana ba da mataki uku na yadda kalmar da aka taya za ta dace da abin da mutum ya rubuta: mai faɗi, matsakaici, da matsattse. Mai faɗin yana iya nuna tallan mai haɗa sola ga mai neman aiki a kamfanin sola, ko ɗalibin da ke neman bayanin yadda batir ke aiki. Shi kansa matsattsen ya saki jiki a hankali: daga 2014 ya haɗa da kalmomi masu kusancin rubutu, daga 2018 kuma har da masu kusancin ma'ana. Maganin shi ne karanta rahoton ainihin abin da mutane suka rubuta, aƙalla sau ɗaya a mako, tare da zuba duk kalmar da ba ta kawo ciniki a jerin kalmomin da aka hana tallan fitowa a kansu. Kalmomi irin su kyauta, neman aiki, da koyo sukan fara shiga wannan jeri. Rahoton kuma shi ke koya wa mai talla harshen abokan cinikinsa, waɗanda sukan gauraya Turanci da Hausa, su rubuta ba tare da haruffa masu ƙugiya ba, su kira kaya da sunan da kasuwa ta ba shi.

Na biyu shi ne wuri. Idan mai talla ya zaɓi gari, saitin farko yakan haɗa har da waɗanda suka nuna sha'awar garin ko da suna wata ƙasa. Ga otal wannan alheri ne. Ga mai gyaran famfo asara ce, kuma sai ya sauya saitin zuwa waɗanda ke cikin garin kawai. Na uku shi ne akwatin da ke ba da izinin watsa tallan zuwa wasu shafuka da manhajoji. Wanda tallan ya tarar yana wasa a waya ba shi da niyyar wanda ya rubuta buƙatarsa da hannunsa, don haka bai kamata a haɗa kuɗinsu a jaka ɗaya ba.

Na huɗu yana bayan dannawa. An biya kuɗi, mutum ya sauka a shafin da ke jan ƙafa wajen buɗewa a waya, ko shafin farko na kamfani mai ɗauke da tarihin wanda ya kafa shi, babu farashi, babu lambar kira a fili. Ko kuma ya aiko saƙo da azahar, ba a amsa ba sai bayan isha'i, lokacin ya riga ya daidaita da wani. Ana iya saita tallan ya fito a sa'o'in da akwai mai ɗaukar waya kawai. Sannan a san cewa kasafin yini ba katanga ba ce: Google na iya kashe ninki biyu nasa a rana ɗaya, muddin jimlar wata ba ta wuce kasafin yini sau 30.4 ba.

Mai kaya ne ke riƙe da mudu

A wannan kasuwa, mai sayar da talla shi ne mai gudanar da gwanjo, shi ne mai auna sakamako, shi ne kuma mai ba da shawarar nawa za a ƙara. Wannan ba ya nufin akwai ha'inci a kowane mataki, amma yana nufin buƙatun ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ne. Google yana samun kuɗi idan an danna. Mai talla yana samun kuɗi idan baƙo ya zama abokin ciniki.

A shari'ar da gwamnatin Amurka ta shigar kan kamfanin, Jerry Dischler, wanda ke shugabantar sashen talla a lokacin, ya shaida wa kotu a watan Satumba na 2023 cewa kamfanin kan yi gyare-gyare a gwanjon da ke iya ɗaga farashi da kimanin kashi 5 cikin 100, kuma ba a cika sanar da masu talla ba. A ranar 5 ga Agusta, 2024, alƙali Amit Mehta ya yanke hukuncin cewa Google ya yi babakere ba bisa ƙa'ida ba a fagen bincike da na tallan rubutu da ke fitowa a cikinsa. Kamfanin ya ce zai ɗaukaka ƙara. Ko yaya shari'ar ta ƙare, shaidar ta isa ta nuna cewa farashin dannawa ba tayin masu talla kaɗai ke tsara shi ba.

Hasken da mai talla ke gani da shi ma ya ragu. Tun watan Satumba na 2020 rahoton abin da mutane suka rubuta ya daina nuna kalmomin da mutane kaɗan ne suka nema, bisa hujjar kare sirri, duk da cewa ana biyan kuɗin dannawarsu. A 2021 aka fito da Performance Max, tsarin da ke karɓar kuɗi da manufa, sannan na'ura ta rarraba tallan a bincike da YouTube da Gmail da sauransu. Irin wannan na'ura tana da ƙwarewa ta gaske wajen cimma abin da aka ce ta cimma, kuma a nan haɗarin yake. A garuruwa irin su Kano da Kaduna, ciniki yakan ƙare ne a waya ko WhatsApp, a biya ta tura kuɗi a banki. Google ba ya ganin wannan. Abin da yake gani shi ne an taɓa maɓallin aika saƙo. Idan aka gaya masa wannan ne nasara, zai ƙware wajen nemo masu taɓa maɓalli, ko suna saye ko ba sa saye. Tsarin yana ba da damar a loda masa bayanin cinikin da aka kammala a waje, kuma wanda ba zai iya wannan ba gara ya riƙe linzami da hannunsa.

Haka batun dillali. Kamfanonin da ke gudanar wa mutane talla sukan karɓi kaso na kuɗin da aka kashe, wato la'adarsu tana hawa ne da hawan kashewa. Mai hankali zai nemi asusun ya kasance da sunansa, ya iya shiga ya duba da kansa, ya kuma nemi a raba masa rahoton kalmomin da ke ɗauke da sunan kamfaninsa daga sauran. Rahoton da ya cakuɗa su cinikin biri a sama ne, domin kyawun alƙaluman sunan kamfani yana rufe munin sauran.

Gwajin da ƙaramin ɗan kasuwa zai iya

Akwai ƙorafi mai ƙarfi a kan duk wannan: eBay yana da masana da miliyoyin masu saye, mai shago ɗaya fa? Ƙorafin yana da tushe. Randall Lewis da Justin Rao sun nazarci manyan gwaje-gwaje 25 na tallan intanet, suka nuna a 2015 cewa ko da miliyoyin mutane a cikin gwaji, da wuya a auna riba daidai, saboda ciniki yana hawa da sauka da kansa. Wanda ke yin ciniki goma a wata ba zai iya rantsuwa cewa bambancin ciniki biyu daga talla ya fito ba.

Amma mai shago ba ya buƙatar amsar da za a buga a mujalla. Yana buƙatar ya gane ko tallan yana kawo rabin cinikinsa ne ko ba ya kawo komai, kuma wannan babban bambanci yana fitowa ko da ma'auni mai kauri. Zai iya rubuta sunan kamfaninsa a waya ya ga ko wani yana talla a kansa. Idan babu, kuma shafinsa ne ke fitowa farko, ya kashe tallan sunan na wata guda ya duba ko kira ya ragu. Zai iya ware lambar waya ta musamman ga tallan. Zai iya sa mai amsa waya ya tambayi kowane baƙo inda ya ji labari, da ko ya taɓa saye a baya, a rubuta a littafi. Idan yana aiki a gari biyu masu kama da juna, ya kunna a ɗaya ya kashe a ɗaya na makonni huɗu, sannan ya musanya. Ya kiyayi lokutan da kasuwa ke sauyawa da kanta: azumi, da jajibirin salla, da ƙarshen wata, da watannin zafi ga mai sayar da sola ko na'urar sanyaya ɗaki. Ƙaramin ɗan kasuwa ma yana da abin da eBay ba shi da shi, wato yana iya magana da kowane mai saye baki da baki.

Abu mafi wuya a cikin wannan shi ne yarda a kashe abin da rahoto ke cewa yana aiki. Ma'aikacin da aka ɗora wa alhakin talla yana da dalilin tsoron gwajin, dillali ma haka, shi kansa mai kamfani ba ya son ya ji cewa kuɗin bara a bakin ƙofa suka ƙare. Amma sai an gwada akan san na ƙwarai. Wata guda na gwaji yana da farashin da aka sani, kuma yana ƙarewa. Rashin gwaji kuwa ana biyan kuɗinsa kowace safiya, dannawa bayan dannawa, muddin asusun yana buɗe.